Ayarin Fataucin Fatu Masu Gashi a Arewacin Amurka: Tsari, Hanyoyi da Guzuri (1670–1885)

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin ayarin kwalekwale da na jiragen katako da na dawaki da suka yi jigilar fatu masu gashi a yankin da a yau ake kira Kanada da arewa maso yammacin Amurka. An bi tarihin ayarin tun daga kafa Kamfanin Hudson's Bay a 1670 har zuwa shimfiɗa layin dogo a 1885. Maƙalar ta nuna cewa abubuwa biyu ne suka tsara fasalin ayarin, wato ƙarancin watannin da koguna ke buɗe kafin ƙanƙara ta daskarar da su, da matsalar ciyar da matuƙa a kan hanya. An kuma bayyana yadda warware waɗannan matsaloli ya dogara ga fasaha da aikin 'yan asalin ƙasar da al'ummar Metis.

Fitilun kalmomi: ayari, fatauci, fatu masu gashi, kwalekwale, guzuri, Kanada

1.0 Gabatarwa

Tun daga ƙarni na 17 zuwa tsakiyar ƙarni na 19, masu hali a Turai sun ɗauki malafar da aka yi da gashin biba a matsayin alamar daraja. Biba dabbar ruwa ce dangin gafiya, mai faffaɗar wutsiya, wadda ke sare itatuwa da haƙoranta ta datse rafuka. A ƙarƙashin doguwar sumarta akwai wani lallausan gashi wanda idan aka cuɗa shi aka matse yakan harɗe ya zama ƙyalle mai kauri ba tare da saƙa ba, kuma ruwa ba ya lalata shi da sauri. Da farauta ta kusan ƙarar da wannan dabba a Turai, sai hankalin 'yan kasuwa ya koma Arewacin Amurka, inda tsananin sanyi ke sa gashinta ya fi kauri.

Samun fatar bai kai wahalar fitar da ita ba. Mafi kyawunta tana can arewa mai nisa, a yankin Tafkin Athabasca, kusan kilomita 4,800 daga birnin Montreal, kuma babu hanyar da dabba ko keke za su bi a mafi yawan wannan tazara. Koguna da tafkuna ne hanya, su kuwa ba sa buɗewa sai na kimanin wata biyar a shekara, daga Mayu zuwa Oktoba. Ayarin da ya makara ƙanƙara za ta rutsa da shi a daji, kayan ciniki su kasa isa, mutane su shiga yunwa. Manufar wannan maƙala ita ce fito da yadda wannan ƙuncin lokaci ya haifar da tsarin ayari mai shugabanci da zanguna da rumbunan abinci, da yadda tsarin ya sauya har ya gushe.

2.0 Ma'anar Ayari a Wannan Nazari

Faransawa da Ingilishi sun kira rukunin kwalekwalen da ke tafiya tare da sunan da aka aro daga rundunar soja. A nan an zaɓi kalmar ayari domin ita ce ta fi kusa da ma'anar. Ayarin fataken Hausa da ke zuwa Gwanja sayen goro yana da madugu da jagaba da zanguna sanannu, yana kuma tashi a lokacin da yanayi ya ba da dama. Haka ayarin fatu yake: rukunin jirage ne, daga uku ko huɗu zuwa sama, ƙarƙashin jagora guda, masu tashi a ƙayyadadden lokaci daga wata tashar ciniki zuwa wata. Bambancin da ya kamata a lura da shi shi ne, fatake sukan haɗu ne kowa da hajarsa, alhali matuƙan ayarin fatu ma'aikata ne da suka sa hannu a yarjejeniyar aiki, kayan kuwa na kamfani ne.

Akwai kuma kalmar ratse, wadda a wannan maƙala take nufin wurin da ruwa ya yanke ko ya yi haɗari, dole a sauke kaya a ɗauki jirgi da kayansa a ƙafa zuwa ruwa na gaba.

3.0 Tushen Fataucin da Hanyoyi Biyu

Faransawa ne suka fara kafuwa a Kogin St. Lawrence. Samuel de Champlain ya kafa Quebec a 1608, aka kafa Montreal a 1642. Da farko 'yan asalin ƙasar, musamman Huron da Algonquin da Ottawa, su ke kawo fatu da kwalekwalensu zuwa garuruwan Faransawa. Bayan yaƙe-yaƙen Iroquois sun tarwatsa Huron wajen 1649, sai samarin Faransawa suka fara shiga daji da kansu. A 1681 hukuma ta ɓullo da takardun izinin fatauci domin taƙaita yawan masu shiga, kuma daga nan ne aka fara ɗaukar matuƙa bisa yarjejeniya. Su ne waɗanda Faransawa ke kira voyageurs, wato matafiya.

Hanya ta biyu ta samo asali ne daga wasu Faransawa biyu, Pierre-Esprit Radisson da Médard des Groseilliers. A tafiyarsu ta 1659 zuwa 1660 a yankin Tafkin Superior sun ji labarin cewa ana iya isa ƙasar fatu ta teku daga arewa. Da hukumar Faransa ta ƙi sauraronsu, sai suka kai shawarar Ingila. Jirgin Nonsuch ya gwada hanyar a 1668, ya dawo da riba, sannan a ranar 2 ga Mayu, 1670, Sarki Charles na II ya ba Kamfanin Hudson's Bay izinin mallakar ciniki a duk ƙasar da ruwanta ke malala zuwa Mashigin Hudson. An kira yankin Ƙasar Rupert. A 1684 kamfanin ya kafa York Factory a bakin Kogin Hayes, wadda ta zama babbar tasharsa.

Kusan shekara 100 kamfanin yana zaune a bakin teku yana jiran Cree da Assiniboine su kawo masa fatu. Faransawa kuwa suna kutsawa yamma. A shekarun 1730 La Vérendrye da 'ya'yansa sun kafa tashoshi har yankin Tafkin Winnipeg, suna tare fatu kafin su isa teku. Bayan Faransa ta sallama Kanada ga Birtaniya a 1763, 'yan kasuwar Sikotland da ke Montreal suka gaji hanyoyin da matuƙan Faransawa. A 1779 suka haɗa jari suka kafa Kamfanin North West, wanda Simon McTavish ya zama jigonsa. Matsin da 'yan Montreal suka yi ne ya tilasta wa Kamfanin Hudson's Bay shiga cikin ƙasa, inda Samuel Hearne ya gina Cumberland House a 1774.

Gasar ba ta kasance tsakanin tsara ba ta fuskar nisa. Jirgin ruwa daga Landan yana sauke kaya a York Factory, kusa da tsakiyar nahiyar. Kayan Kamfanin North West kuwa sai sun sauka a Montreal, sannan a tuƙa su dubban kilomitoci da hannu. Daga ranar da aka yi odar kaya a Ingila zuwa ranar da kuɗin fatun da aka saya da su zai dawo, akan ɗauki shekara uku zuwa huɗu. Abin da ya rage wa 'yan Montreal shi ne sauri da tsari, shi ya sa ayarinsu ne ya fi shahara.

4.0 Ayarin Kwalekwale

4.1 Kwalekwalen ɓawo

Kwalekwalen da fataucin ya dogara a kansa fasahar 'yan asalin ƙasar ce, musamman Algonquin da Ojibwe. Ana yin sa da ɓawon itacen birch, a ɗinke da saiwar itacen spruce, a toshe ɗinkin da ƙaro, a sa haƙarƙarin katako marar nauyi a ciki. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa. Yana da saurin hujewa, amma duk abin gyaransa yana nan a bakin hanya, kuma kowane dare matuƙa sukan kife shi su liƙe ɗinkin da ƙaro mai zafi.

An yi amfani da iri biyu. Babban, wanda ake kira kwalekwalen Montreal, tsawonsa kimanin mita 11 ne, yana ɗaukar kaya tan uku zuwa huɗu da matuƙa 8 zuwa 12. Shi ne ya dace da manyan koguna da Tafkin Superior. Ƙaramin, kwalekwalen arewa, bai wuce mita 8 ba, matuƙansa 4 zuwa 6, kayansa kimanin tan ɗaya da rabi, kuma mutum biyu suna iya ɗaukar sa a kafaɗa.

4.2 Raba hanya gida biyu

Babu ayarin da zai tashi daga Montreal ya isa Athabasca ya dawo cikin wata biyar. Saboda haka aka raba hanyar biyu, aka sa mahaɗa a tsakiya. A farkon Mayu, da zarar ƙanƙara ta narke, manyan kwalekwale sukan tashi daga Lachine, kusa da Montreal, ɗauke da barguna da tukwanen tagulla da wuƙaƙe da gatura da bindigogi da albarushi da taba da barasa. Sukan hau Kogin Ottawa, su shiga Mattawa, su ƙetare Tafkin Nipissing, su gangara Kogin French zuwa Tafkin Huron, su wuce Sault Ste. Marie, sannan su bi gaɓar Tafkin Superior zuwa Grand Portage. Tafiyar takan ci mako shida zuwa takwas.

A daidai wannan lokaci ayarin arewa suna gangarowa da fatun da aka tara a hunturu. A watan Yuli ɓangarorin biyu sukan haɗu a Grand Portage, inda mutane fiye da 1,000 kan taru. A nan masu hannun jari na Montreal da takwarorinsu da ke hunturu a daji suke zaman shekara, a duba lissafi, a raba riba, a sabunta yarjejeniyar ma'aikata. Daga nan kowane ayari ya juya da kayan ɗan'uwansa. Da ya tabbata cewa Grand Portage ta faɗa cikin ƙasar Amurka, sai kamfanin ya mayar da mahaɗar zuwa bakin Kogin Kaministiquia a 1803, wurin da daga baya aka sa wa suna Fort William.

Ayarin Athabasca ma ko wannan mahaɗa bai iya kaiwa. Peter Pond ne ya buɗe wa 'yan Montreal wannan yanki a 1778, lokacin da ya bi ratsen Methye, mai tsawon kimanin kilomita 19, wanda 'yan asalin yankin suka daɗe suna bi. An gina Fort Chipewyan a 1788, kuma daga can ne Alexander Mackenzie ya tashi ya isa Tekun Arctic a 1789 da Tekun Pasifik a 1793. Da yake ƙanƙarar arewa ba ta narkewa da wuri kuma tana saurin dawowa, sai aka keɓe wa ayarin Athabasca tasa mahaɗa a Tafkin Rainy, domin a rage masa kwanakin tafiya. Duk da haka, sau da yawa yakan isa gida ne ƙanƙara na fara kama bakin ruwa.

4.3 Shugabanci da aikin yau da kullum

Kowane ayari yana da jagora, wanda ya san hanya, shi ke yanke lokacin tashi da wurin kwana, da ko za a bi gangaren ruwa ko a sauke kaya. A kowane kwalekwale akwai na gaba mai lura da duwatsu, da na baya mai sarrafa akala, kuma albashinsu ya fi na 'yan tsakiya. Mai hannun jari ko akawu yakan zauna a tsakiyar kaya, ba ya tuƙi.

Akan tashi tun kafin asuba, a yi tuƙi awa 14 ko fiye. Kusan kowace awa akan tsaya na 'yan mintoci a sha taba, har ya zama ana auna nisan tafki da yawan lofen da aka sha kafin a ƙetare shi. Waƙa ce ke daidaita bugun filafili. A wajen ratse kuwa, an riga an ɗaure kaya a dami-dami, kowanne kimanin kilo 41. Ƙa'ida ita ce mutum ya ɗauki dami biyu a baya, da igiyar fata da ta zagayo goshinsa, ya yi ta kai da kawowa har kaya su ƙare. A Grand Portage, inda ratsen ya kusa kilomita 14, wannan aiki yakan ci kwanaki. Ciwon ƙaba ya kashe da yawa daga cikinsu, haka nutsewa, domin da yawansu ba su iya iyo ba. Matafiyan zamanin sun ambaci giciyen katako da ake kafawa a bakin magangaran ruwa, kowanne alamar wanda ya halaka a wurin.

Matuƙan sun kasu biyu. Waɗanda ke komawa Montreal kafin hunturu ana yi musu laƙabi da masu cin kitsen alade, saboda guzurinsu na masara da wake da kitse. Waɗanda ke hunturu a daji su ne mazan arewa, suna kuma ganin kansu sama da na farkon. Sabon shiga da ya ƙetare tudun da ya raba ruwan Tafkin Superior da na arewa akan yayyafa masa ruwa da reshen itace, alamar ya shiga sahunsu. Yawancinsu 'ya'yan manoman Quebec ne marasa ilimin boko, kuma bashin da suke ci a kantin kamfani yakan tilasta musu sabunta yarjejeniya.

5.0 Matsalar Guzuri

Ayarin da ke tsere da ƙanƙara ba shi da lokacin farauta ko su. Haka kuma ƙaramin kwalekwale ba zai ɗauki abincin wata biyu ba, sai dai a rage haja. Masara da waken da aka ɗauko daga gabas sukan ƙare a Tafkin Superior. A yankin Tafkin Rainy, matan Ojibwe sukan sayar wa kamfani da wata irin shinkafar daji da ke tsirowa a tafkuna, da busasshen kifi. Daga nan zuwa arewa kuwa, abin da ya riƙe ayari shi ne femikan.

Sunan ya fito ne daga harshen Cree, daga kalmar da ke nufin kitse. Akan yanyanka naman ɓaunar Amurka falle-falle, a shanya kamar yadda ake shanya naman kilishi, a daka shi, a kwaɓa da narkakken kitse, wani lokaci a zuba busassun 'ya'yan itace, sannan a ɗura a buhun fatar ɓauna mai nauyin dami guda. Yakan yi shekaru bai lalace ba, kuma kaɗan daga cikinsa yana ƙosar da mai aikin ƙarfi. Sai dai yawancin garken ɓauna a wancan zamani ba a dajin arewa inda biba take suke ba; suna filayen ciyawa na kudu. Don haka kamfanonin suka kafa tashoshi a kogunan Saskatchewan da Assiniboine da Red waɗanda babban aikinsu sayen nama ne, ana tura buhunan zuwa rumbuna irin su Cumberland House da bakin Kogin Winnipeg, inda ayari zai tsaya ya ɗiba ya wuce.

Muhimmancin wannan abinci ya fito fili a rikicin Kogin Red. A 1812 Lord Selkirk, babban mai hannun jari a Kamfanin Hudson's Bay, ya zaunar da manoma 'yan Sikotland a daidai yankin da femikan ɗin Kamfanin North West ke fitowa. A Janairun 1814 gwamnan mazaunin, Miles Macdonell, ya haramta fitar da abinci daga yankin. Ga 'yan Montreal wannan yana nufin tsayar da ayarin Athabasca, ga Metis kuwa yana nufin toshe hanyar abincinsu. Rikicin ya kai ga arangamar Seven Oaks a ranar 19 ga Yuni, 1816, inda mutanen Cuthbert Grant suka kashe Gwamna Robert Semple da mutanensa 20. Asara da shari'o'in da suka biyo baya sun raunana kamfanonin biyu, har suka haɗe a 1821 ƙarƙashin sunan Hudson's Bay.

6.0 Sauye-sauyen Bayan 1821

6.1 Jiragen York

George Simpson, wanda aka ɗora bisa harkokin kamfanin a arewa, ya karkatar da jigilar yamma daga Montreal zuwa York Factory, ya rufe tashoshi da dama, ya rage ma'aikata. Kwalekwalen ɓawo ya ba da wuri ga jirgin York, wanda aka yi da katako, tsawonsa mita 12 ko fiye, ana tuƙa shi da dogayen filafilai, a tafki kuma a ɗaga masa ƙyallen iska. Mutum takwas a jirgin York suna jigilar ninkin abin da kwalekwalen arewa ke ɗauka, ko fiye. Aibinsa shi ne nauyi: ba a ɗaukar sa a kafaɗa, sai a jera gungume a ja shi da igiya. Norway House, a arewacin Tafkin Winnipeg, ta zama cibiyar rarraba kaya.

Mafi shahara a wannan zamani shi ne ayarin Portage La Loche, wanda aka fara a 1826. Yakan tashi daga Kogin Red a farkon Yuni, ya ɗauki kaya a Norway House, ya kai su ratsen Methye, inda yake musanya da ayarin Kogin Mackenzie. Daga nan ya gangara da fatu zuwa York Factory domin ya riski jirgin Landan, wanda ke zuwa sau ɗaya a shekara, sannan ya koma gida a farkon Oktoba. Zagayen ya kai kimanin kilomita 6,400 cikin wata huɗu. Yawancin matuƙansa Metis ne, kuma Alexis Bonami, wanda ake kira L'Espérance, ya jagorance shi shekaru masu yawa. Tsananin aikin ya sa a shekarun baya matuƙa sun sha yin tawaye suna ƙin ƙarasa zagayen.

6.2 Ƙetare duwatsu da ayarin dawaki

A yammacin Duwatsun Rocky koguna suna da ƙarfi da ramuka masu zurfi, ga ƙarancin ɓawon birch mai kyau. David Thompson ya ƙetare mashigar Athabasca a farkon 1811, kuma ita ce ta zama hanyar ayarin gaggawa da ke kai wasiƙu da littattafan lissafi da sababbin ma'aikata tsakanin York Factory da Fort Vancouver, wadda aka buɗe a 1825 a bakin Kogin Columbia. Tazarar ta kai kimanin kilomita 4,200, ana haɗa jirgi da doki da tafiyar ƙafa a kan dusar ƙanƙara.

Fatun yankin da ake kira New Caledonia, wato tsakiyar British Columbia ta yau, sukan taso daga Fort St. James ta ruwa zuwa Fort Alexandria a Kogin Fraser. Daga nan kogin ba ya biyuwa, sai a ɗora wa dawaki, kowanne dami biyu. Ayarin dawaki ɗaruruwa yakan bi ta Kamloops da kwarin Okanagan zuwa Fort Okanogan, inda ake komawa jirgi. A nan ciyawa ce ta maye gurbin ƙanƙara wajen tsara tafiya, domin zango yana inda dabbobi za su sami kiwo da ruwa. Yarjejeniyar Oregon ta 1846 ta sa ƙasan Kogin Columbia a hannun Amurka, sai kamfanin ya buɗe sabuwar hanya ta cikin duwatsu zuwa Fort Hope da Fort Langley.

Akwai kuma ayarin da aikinsa farauta ne da kansa. Tsakanin 1824 da 1830 Peter Skene Ogden ya jagoranci irin wannan a yankin Kogin Snake, da mafarauta da matansu da 'ya'yansu a kan dawaki. Manufar kamfanin ita ce a ƙarar da biba a yankin da gangan, domin mafarautan Amurka su rasa abin da zai jawo su. Su kuwa Amurkawa, tun daga 1825 zuwa 1840, sun riƙa yin kasuwar shekara a Duwatsun Rocky, tsarin da William Ashley ya ɓullo da shi, inda ayarin alfadarai daga St. Louis ke kai haja ya dawo da fatu.

7.0 Gudummawar 'Yan Asalin Ƙasa da Mata

Rahotannin kamfanoni sun fi ambaton gwamnoni da masu binciken ƙasa, amma kowane ɓangare na ayarin yana komawa ga 'yan asalin ƙasar. Su suka kama dabbobin, hanyoyin nasu ne tun kafin zuwan Turawa, haka kwalekwale da takalmin tafiya a dusar ƙanƙara da femikan. Ciniki ma bisa al'adarsu ake yin sa, da musayar kyauta da shan taba tare kafin a buɗe haja, ana ƙiyasta farashi da fatar biba a madadin kuɗi.

Fataken Turawa da matuƙa da yawa sun auri matan Cree da Ojibwe da Dene bisa al'adar ƙasar. Irin wannan aure yana ƙulla zumunta da dangin matar, wanda shi ne jinginar ciniki. Matan ne ke jeme fata, su ɗinka takalma, su haɗa femikan, su tara saiwa da ƙaro, su yi tafinta. Thanadelthur, wata mace 'yar Dene, ita ta sasanta mutanenta da Cree a tafiyar 1715 zuwa 1716, abin da ya buɗe wa Kamfanin Hudson's Bay cinikin arewa. Daga wannan auratayya al'ummar Metis ta fito, da harshenta na Michif. Littafin Sylvia Van Kirk, Many Tender Ties (1980), yana cikin ayyukan da suka dawo da matan cikin tarihin fataucin.

Hanyoyin da suka kai haja sun kai cuta da fitina. Annobar agana ta 1780 zuwa 1782 ta hallaka jama'a masu yawa a filayen yamma da dajin arewa. A shekarun gasa tsakanin kamfanoni an kwarara barasa domin jawo masu fatu, an kuma ƙarar da biba a yankuna da dama. Buƙatar femikan ta ƙara nauyi a kan garken ɓauna, ko da yake cinikin fatarta da farautar da ta biyo bayan layin dogo a Amurka ne suka kusan shafe ta zuwa farkon shekarun 1880.

8.0 Gushewar Ayari

Daga shekarun 1830 malafar siliki ta fara korar ta biba a kasuwannin Turai, farashi ya faɗi. A Kogin Red, Metis suka buɗe hanyar kudu zuwa St. Paul da kekunan shanu na katako zalla, kowanne yana ɗaukar kimanin kilo 450. Shari'ar Guillaume Sayer ta 1849, inda aka same shi da laifin cinikin fatu ba da izini ba amma aka sake shi ba hukunci saboda taron Metis masu makamai a wajen kotu, ta karya ikon kamfanin na hana kowa ciniki. A 1859 jirgin ruwa mai aiki da tururi, Anson Northup, ya fara zirga-zirga a Kogin Red, kamfanin da kansa ya fara shigo da kaya ta Amurka. A 1870 aka miƙa Ƙasar Rupert ga Kanada bisa diyyar fam 300,000. Da aka kammala layin dogon Canadian Pacific a 1885, manyan ayarin sun zama tarihi, ko da yake jiragen York sun ci gaba da aiki a wasu kogunan arewa har farkon ƙarni na 20, kuma ba a rufe York Factory ba sai 1957.

9.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa girman kwalekwale, da nauyin dami, da wurin mahaɗa, da jerin rumbuna, duk amsoshi ne ga tambaya guda: yadda za a kai kaya dubban kilomitoci a dawo kafin ruwa ya daskare, ba tare da an tsaya neman abinci ba. Kamfanin North West ya amsa ta da raba hanya da sauri, Kamfanin Hudson's Bay ya amsa ta da gajeriyar hanya da manyan jirage, kuma mai gajeriyar hanyar ne ya ɗore. Harold Innis, a littafinsa The Fur Trade in Canada (1930), ya kafa hujja cewa iyakokin Kanada sun bi sawun waɗannan hanyoyin ruwa ne. Garuruwa irin su Winnipeg da Edmonton da Kamloops sun faro ne a matsayin tashoshin fataucin. Ga masu nazarin fatauci mai dogon zango, darasin da ke nan shi ne a duba guzuri da kalandar tafiya da waɗanda suka yi dako, kamar yadda ake duba haja da riba, domin a nan ne ake gane dalilin da ya sa wata hanya ta rayu wata ta mutu.